Ɓerayen da Halilu Ya Yi wa Ƙunshi

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, daga Anka zuwa Gummi zuwa Bukkuyum. Ban taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba, ban kuma taɓa hana shi wanda ya ci ba. Saboda haka in na ce Halilu ya cuce ni, ya kuma cuci garinmu Tungar Kaiwa, to na auna maganar kafin in rubuta ta. Sunana Malam Nafi'u, tsohon hedimasta. Halilu ɗalibina ne, ya yi aji huɗu sau uku. Tun a lokacin, in ka tambaye shi biyu sau biyu, sai ya ce shi ya wuce nan, manyan lissafi yake jira. Yau yana da shekara arba'in da ɗoriya, yana nan yana jira.

A bayan dangar gidana akwai kurmi. Ba babba ba ne, in ka bi bakin rafi minti ashirin ka ƙure shi. Amma shi kaɗai ya rage tsakaninmu da Adabka: kaiwa, marke, tsamiya, da sarƙaƙiyar da rana ba ta ratsawa. Sufyanu mai gawayi ya daɗe yana kallonsa da gatari a kafaɗa. Ni kuma na daɗe ina cewa akwai wani ɓera a cikinsa wanda ba irin na gida ba ne, mai laushin gashi, farin ciki, wutsiya ta fi jiki tsawo. Sau biyu na gan shi da idona. Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta wa jami'a, sai a ta ƙarshe aka amsa: za a turo wata mai bincike, Dakta Fatiha, ta yi kwana huɗu.

Hakimi ya gaji da ni, ya gaji da Sufyanu. Ya kira mu ya ce, "Hedimasta, in baƙuwarka ta samu abin da za ya sa a bar kurmin ga, an bar shi. In ba ta samu ba, Sufyanu shi shiga da gatari, kai ko ka bar yi mani sallama da takarda ga hannu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na yarda."

Ranar Litinin Dakta ta iso bisa babur, ƙura har gira, da buhu biyu na tarkunan gwangwani masu ƙofa, irin waɗanda ke kama ɓera da ransa. Aka taru a ƙofar Hakimi ta yi bayani, bayanin da na so a ce ni na yi shi a aji. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu 'yan zaruruwa da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gado daga iyaye zuwa 'ya'ya. Mutum yana da arba'in da shida. A cikin ɓerayen gona akwai iri biyu da ido ba ya iya rabawa, amma in aka ƙirga zaren, wannan talatin da biyu, wancan talatin da takwas. Ta ce idan daji ya yanke, ɓerayen kurmi ɗaya suka rabu da danginsu shekaru masu yawa, zaren kan haɗe ko ya rabu, har su zama iri dabam. Abin da ta zo dubawa ke nan. Manyan dazuzzuka ba sa shiguwa yanzu, kowa ya san dalili, shi ya sa ɗan kurminmu ya yi daraja.

Nan Halilu ya ture mutum biyu ya fito gaba.

"Dakta, kin zo gida. Duk kusun da ke ƙasar Bukkuyum ya san ni. In na yi tari bakin rami, uwa ka fitowa da ɗiyanta su jera."

Sufyanu ya ce, "Shi ya sa sunka cinye maka aljihun riga kana sanye da ita."

Halilu bai ko dube shi ba. Ya ce, "Tambaya guda, Dakta. In anka samu sabon iri, mi a ka kiran shi?"

Ta ce, "Masana ne ke raɗa masa suna. Wani lokaci sukan sa sunan wanda ya taimaka aka gano shi."

Na ga idon Halilu a wannan lokacin. Haka idonsa ya yi ranar da ya ji ana ba mai share aji kyautar alli. Da na bi abin da zuciyata ta faɗa mini, da na ɗaure shi a gindin tsamiya har ranar Alhamis.

Talata da hantsi, muna zaune a zaurena ni da Dakta muna duba taswirar rafi, sai ga Halilu da tire a ka, an rufe da kyalle mai tsabta. Ya dire, ya yaye. Gafiya tara, an yanka, an babbake, an yi banda, an barbaɗa yaji. Har da albasa a gefe.

Dakta ta daɗe tana kallon tiren. Ta ce, "Malam Halilu, mene ne wannan?"

"Kayan bincike. Ki ƙirga zaren."

"Ai masu rai nake so. Zaren ba ya ganuwa a naman da aka gasa."

"Haba Dakta! Baƙuwa kike, in kawo maki abin da ba a yanka ba? Mi mutane ka cewa? Ni na yanka su da hannuna, na fuskantar da su alƙibla ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Halilu, jiya a gabanka ta ce masu rai. Sau uku ta faɗa. Na ƙirga."

"Hedimasta, ai da ransu na kama su."

Maƙwabta suka taimaka wa ilimi, kafin azahar tiren ya koma babu komai. Halilu ya zagaye gari yana cewa kashin farko na bincike ya karɓu, ba a bar ko ƙashi ba.

Da la'asar Dakta ta jera tarkuna arba'in a kurmi, kowanne da ɗan tunkuza a ciki, kowanne da lamba, ta rubuta a littafi inda ta aje shi. Ta gaya wa Halilu, wanda ya naɗa kansa mai ɗaukar buhu, cewa sanin wurin da aka kama ɓera shi ne rabin aikin. Ya ce ya fi kowa sani. Muna juya baya ya koma. A ganinsa tunkuza abincin talaka ne, ɓeran da za a sa wa suna a littafi ba zai kula ta ba. Ya kwashe, ya zuba daddawa da busasshen kifi. Ya kuma ga tarkunan sun warwatsu ba tsari, ya tattaro su ya jera a layi ɗaya a bakin hanya, yadda ɗauka za ta yi sauƙi.

Laraba da safe muka samu jaba bakwai, kwaɗo biyu, ɗan tsakon Tasalla matar Halilu guda, da tururuwar da ta isa ta ɗauke tarkon da kansa. Warin jaba ya kama tarkunan, sai da Dakta da matata Kulu suka wuni suna wanki da omo.

Dakta mace ce mai haƙuri. Ta ce, "Malam Halilu, ka yi ƙoƙari. Yau ka huta."

"Ai gwani ba ya hutawa, Dakta."

"To don Allah ka gwada."

Kwana biyu sun tafi a banza, saura dare ɗaya na tarko. Sufyanu ya kawo dutsen washi ya zauna a inuwar ƙofar gidana, duk faɗin garin nan inuwata ce ta yi masa.

"Hedimasta, ina wuni? Kada ka damu da ni, gatari nika lallashi. Ya ƙagara."

Na ce, "Alhamis ba ta yi ba."

"Awo. Ni ma ita nika jira. In na ƙone marken ga, buhun farko naka ne, kyauta."

Da yamma ni da Dakta muka shiga da kanmu. Na kai ta can ƙurya, bayan kukar da zuma ta yi gida, inda na taɓa ganin ɓeran. Rabin tarkunan muka aje a can, rabi a gefen kurmi kusa da dangata. Halilu bai sake bayyana ba duk ranar. Na yi hamdala. Ashe da wuri na yi.

Abin da ya yi ranar, daga bakin Tasalla aka ji daga baya, a gaban shaidu. Yana barin wurinmu da safen nan ya hau babur ya nufi Gummi. Ya bi shagunan 'yan hatsi yana cewa jami'a ta aiko shi kwashe ɓeraye. Mutanen suka yi ta sa masa albarka, wani har ya ba shi goro. Ya cika kejin waya, wani direba abokinsa ya ƙaro masa na Anka a cikin jarka. Jimla arba'in da uku. Ya dawo gida ya zauna yana kallonsu, ya ga babu wanda ya yi kama da sabon iri. Duk ɓeraye ne kamar na gidan kowa. Sai idonsa ya faɗa kan ƙwaryar lallen da Tasalla ta kwaɓa don sunan jikar yayarta, ita kuma ta fita kitso.

Mai karatu, ka taɓa yi wa ɓera ƙunshi? Halilu ya yi wa arba'in da uku. Ƙafa huɗu da wutsiya, kowanne ya naɗe da leda ya ɗaure da zare, ya jira lalle ya kama. Sun cije shi sau goma sha shida. Wannan ma ba ni na ƙirga ba, malamin asibiti ne. Da rana ta yi sanyi ya kwance su, ya ɗauko kejin ya nufi kurmi. Ciki bai shiga ba, don gwanin da ɓeraye ke jeruwa in ya yi tari yana tsoron zuma. A bayan dangata ya buɗe ƙofa, taku goma sha biyu daga rumbuna.

Alhamis da hantsi gari ya cika ƙofar Hakimi, don Halilu ya bi gida gida yana cewa a zo a ga tarihi. Ya sa babbar rigar ɗaurin aurensa. A hannayensa kuma, cikin zafin nan, baƙar safar ƙafa ce har gwiwar hannu.

Hakimi ya ce, "Halilu, sanyi kaka ji?"

"Ranka shi daɗe, ƙa'idar aiki ce. Ba ka ga Dakta na sa safar hannu ba? Mu ma'aikatan bincike haka muke."

Dakta ta fara da tarkunan gefe. Ta zazzage na farko cikin jakar leda mai haske, ta ɗaga. Ɓera ne mai jajayen ƙafafu, wutsiya ja wur. Jama'a suka ɗauki salati. Na biyu haka, na uku haka, har tara.

Halilu ya daka tsalle tsakiyar fili.

"Kun gani! Shekara goma ina faɗa maku akwai jan kusu cikin kurmin ga! Kakana ya gan shi, ubana ya gan shi. Dakta, ki rubuta: Halilu, lam biyu in da Larabci ne. In takarda ta isa, ki ƙara Gwani."

Sufyanu ya aje gatari, fuskarsa ta faɗi. Ni kuwa na matsa kusa na gyara tabarau. Abin da na gani sau biyu a ƙurya ba shi da jar ƙafa.

Dakta ta juya jakar, ta kai hanci, ta sake kaiwa. Ta sa ɗan hantsaki ta ciro wani abu daga gindin wutsiya ta ɗaga sama. Guntun leda ne ɗaure da baƙin zare.

Ta ce, "Malam Halilu, ɓeran kurmin nan da ɗaurin zare ake haihuwarsa?"

"To, ai sabon iri ne, Dakta. Komi nashi sabo ne."

Ba ta kai ga amsawa ba muka ji ihu daga wajen gidana. Kulu ce, mace mai shekara sittin wadda ban taɓa ganin ta yi gudu ba, ta taho da gudu, mayafi a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗaya, a kan tsintsiyar ga mataccen ɓera mai jan ƙafa.

"Malam! Rumbu ya cika da amare! Na buɗe in ɗebi gero sunka watso mani ga fuska, kowace da ƙunshinta! Dawar irin da ka aje ma sun huda buhun!"

Ta bayanta sai ga Tasalla da ƙwarya a kife bisa tafin hannu. Ba ta gaida kowa ba sai Hakimi.

"Ranka shi daɗe, a tambayar mani mutumin ga ina lallena. Kwana biyu ina tankaɗe shi. Gobe suna, mata goma sha biyu ka jirana."

Halilu ya ce, "Ke, ana maganar ilimi kina maganar lalle? Koma gida."

"Ina komawa. Tuɓe safar tukuna."

"Ƙa'idar aiki..."

Hakimi ya ce, "Tuɓe."

Ya tuɓe ta hagu a hankali, kamar mai fatan a kira salla kafin ya gama. Hannun ya yi ja har wuyan hannu, farce ya yi baƙi, yatsu duk ramukan haƙora. Ban taɓa ganin lalle ya kama amarya kamar yadda ya kama Halilu ba. Filin ya fashe da dariya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wani ya ce a tambayi ango sadaki. Tasalla ta ce, "Ka gani? Ni in na kwaɓa, kamawa shika yi."

Halilu ya ce, "Taimako na yi. Baƙuwa ta zo tun daga nesa, a bar ta ta koma da tarko wayam? Ina mutuncin gari?"

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce waɗannan ɓerayen gari ne, rumbu suka sani, ba za su zauna a kurmi suna neman 'ya'yan itace ba alhali ga gero a taku goma sha biyu. Ta ce lalle a fata yake tsayawa, zaren gado yana can ciki, ba a shafa masa komai. Ta kuma ce ya wuce asibiti yanzu yanzu, don cizon ɓera ba abin wasa ba ne.

Sufyanu ya ɗauki gatarinsa, ya miƙe yana murmushi. "Ranka shi daɗe, ke nan ba a samu komi ba. In shiga?"

Na tare gabansa. Na ce, "Saura tarko ashirin, na ƙurya. Ba a buɗe ba."

Aka buɗe. Goma sha takwas babu komai. Na goma sha tara da na ashirin, kowanne da ɗan ɓera mai laushin gashi, farin ciki, wutsiya ta fi jiki tsawo, ƙafafu fari tas yadda Allah ya yi su. Dakta ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Baba Malam, wannan ba na gida ba ne. Ko wane ne shi, sai na ƙirga. A ba ni mako shida."

Hakimi ya ce Sufyanu ya mayar da gatari. Halilu, yana kan hanyar asibiti a bayan babur, ya waiwayo ya ɗaga jan hannu ya ce, "Ku shaida, ɓerayena ne sunka koro su cikin tarko!"

Wasiƙar ta zo a mako na bakwai, tana gabana yanzu. Lissafin zaren ɓerayen ƙurya bai yi daidai da na ɓerayen gari ba, kuma Dakta tana so ta dawo bayan damina da abokan aiki. Amma ta ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya: in ɓerayen da aka sako suka yaɗu a gefen kurmi, za su iya korar na ciki ko su sa musu cuta, ta dawo ta tarar babu abin dubawa. Hakimi ya ɗaga wa kurmi ƙafa shekara guda. Ya kuma yanke cewa Halilu ya kamo abin da ya sako, duka.

Ga lissafi. An sako arba'in da uku. Tara sun shiga tarkon Dakta. Kulu ta kashe ɗaya da tsintsiya, shida da muciya. Halilu, gwanin ƙasar Bukkuyum, a wata biyu ya kama huɗu, ɗaya daga ciki ma a mace ya tsince shi. Saura ashirin da uku, kuma ba zaman banza suke yi ba. Shekaranjiya na ɗaga buhun dawar iri na tarar da gida guda, jarirai goma sha ɗaya. Na sa su a kwano na kai masa har ƙofar gida.

Ya leƙa, ya ɗaga ɗaya ta wutsiya, ya duba ƙafafu.

"Hedimasta, wanga ba nawa ba ne. Nawa duk da shaida. Ka ga lalle a nan?"

Na ce, "Halilu, uwarka ta yi ƙunshi kafin ta haife ka?"

"Ta yi mana."

"Da jan ƙafa ka fito?"

Ya yi shiru. A shekara uku na aji huɗu ban taɓa samun wannan shirun ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma na kai kwafi ga Hakimi. Na ɗaya, a rubuta a fili cewa hukuncin ya haɗa da 'ya'ya da jikoki, masu lalle da marasa lalle. Na biyu, Halilu ya liƙe mini gindin rumbu da hannunsa, ina tsaye, kafin ruwan farko. Na uku, ya daina gaya wa mutane a tashar Adabka cewa jami'a na shirin kiransa. Ban nemi a kore shi ba, ban nemi a dake shi ba. In ya ci gaba da musun jariran nan, Dakta ta ce a shirye take ta ƙirga musu zare.

Jiya ya aiko Tasalla da saƙo: ya yarda zai kama su duka, amma don kada a sake rigima, yana so ya fara yi wa jariran shaida. Ta ce in kwantar da hankalina. Lallen yana cikin akwati, makullin yana ɗaure a bakin zanenta.